Tun ran gini, ran zane: ƙera kayan gyaran injuna ta intanet a yankin Ƙonni, Malbaza da Illela

A ƙasashen da masana'antu suka bunƙasa, mutumin da injinsa ya tsaya saboda ɗan ƙarfe guda yana iya aika zanen ƙarfen nan ta intanet, a gaya masa farashi nan take, a ƙera masa shi cikin ƴan kwanaki. A gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, inda injin ban ruwa da injin niƙa da famfon ƙauye ke riƙe da cimakar dubban iyalai, wannan hanya tana iya ceto injuna masu yawa daga juji. Sai dai tana da sharaɗi guda wanda ba a sayensa a kasuwa, wato mutumin da ya iya awo kuma ya iya zane.

Ƙaramin ƙarfe, babbar asara

Duk wanda ya taɓa riƙon inji ya san cewa inji ba ya mutuwa gaba ɗaya. Abu guda ne ke lalacewa a cikinsa: ko haƙorin wani ƙarfe ya gutsure, ko rairayi ya cinye farfelar famfo, ko kuwa sandar da ke juyawa ta lanƙwashe. Sauran jikin injin lafiyarsa ƙalau, amma tilas a jingine shi bayan ɗaki har ranar da aka samo madadin abin da ya lalace. Hausawa sun ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce, kuma lalle ƙarfen da bai kai tafin hannu ba yana iya tsayar da aikin gari guda.

A kudancin jahar Tawa wannan matsala ba wanda ta bari. A gundumar Ƙonni akwai babban gandun noman rani mai faɗin hekta 2,452, wanda aka gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango da ke kan gulbin Majiya, ta hanyar tafkin Cerasa. Ruwan da kansa yake bin magudanai, to amma ƙofofin ƙarfe ne ke raba shi tsakanin gonaki, kuma manoma da dama suna ƙarawa da rijiyoyi da injunan ban ruwa idan madatsun suka yi ƙasa.

A gundumar Malbaza, wadda aka cire daga Ƙonni a 2011, akwai garin Galmi, wanda sunan albasarsa ya kai har Abijan da Kumasi. Akwai kuma masana'antar siminti da ta fara aiki a 1966, aka sayar da ita ga ƴan kasuwa a 1998, kafin a gina sabuwa mai iya fitar da tan 650,000 a shekara, wadda ta fara aiki a 2018. Ita babbar masana'anta, mai tanderun da zafinsa ke kai digiri 1,450, tana da makanikanta da masu kawo mata kaya. Waɗanda ke kewaye da ita ne ba su da wannan gata: masu manyan motocin dakon siminti, masu injin buga bulo, masu walda na bakin hanya. A gundumar Illela kuwa, daga Badagishiri zuwa Tajaye, rayuwar ƙauye ta rataya ga injin niƙa, da famfon hannu, da ƙananan ma'aikatun ruwa masu tanki da faifan hasken rana.

Mai karatu ya ɗauki misalin manomin albasa a watan Fabrairu, lokacin da albasa ke yin kai kuma ba ta jure ƙishirwa. Idan injinsa ya tsaya mako biyu, kuɗin iri da taki da mai da ƙwadago, waɗanda galibi bashi ne, duk sun bi ruwa. Idan injin niƙan ƙauye ya tsaya, mata sun koma ga turmi da taɓarya, ko su yi doguwar tafiya da ƙwarya a ka zuwa wani gari. Idan famfo ya tsaya, an koma ga rijiyar da ba ta da murfi, tare da zawon yara da ke biyo baya.

Hanyoyin da aka saba bi

Hanya ta farko ita ce kasuwa. Ƙonni gari ne na bakin iyaka, ƴan kilomita kaɗan ke tsakaninsa da Illela ta Najeriya, wadda daban take da Illela ta jahar Tawa, daga can kuma Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba. Abin da ba a samu a shagunan Ƙonni ba, akan yi saƙonsa Sakkwato, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna. Ga ƙananan injunan Sin da Indiya da suka cika kasuwa, wannan hanya ta wadatar, domin kayan gyaransu ko'ina akwai su, kuma da araha. Wahalar tana ga injunan da ayyukan raya karkara suka kawo daga Turai ko Japan shekaru da dama da suka wuce. Aikin ya ƙare, baƙi sun tafi, kamfanin da ya ƙera injin ya daina yin irinsa ko ma ya rufe, kuma ba shi da wakili a Yamai balle a Tawa.

Hanyar kasuwa kuma tana hannun siyasa da darajar kuɗi. Idan ba a manta ba, a watan Janairun 1994 an karya darajar sefa da rabi, dare ɗaya duk abin da ake sayowa daga Faransa ya ninka kuɗinsa, har kayan gyara suka gagari masu ƙaramin ƙarfi. Daga watan Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyakar, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe ƙofar Ƙonni. A kowane karo, ɗan ƙarfen da a da ake samu cikin kwana biyu ya zama abin nema da fitila.

Hanya ta biyu ita ce a kashe inji guda domin a raya wani. Ita ce ta cika garejin kowane gari da gawarwakin motoci da taraktoci, kuma tana da iyaka, domin abin da ya cinye a wannan injin galibi shi ne ya cinye a ɗan uwansa.

Hanya ta uku ita ce ta masu sana'ar hannu. Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Adar da ta Ƙonni, kuma jikokin maƙeran da suka yi hauya da galma su ne yau ke riƙe da injin walda da injin sassaƙar ƙarfe. An kafa ma'aikatar ACREMA a Tawa da CDARMA a Dosso domin ƙera amalanke da garmar shanu da gyaran kayan noma, har ACREMA ta shiga ƙera famfon hannu samfurin Volanta. A kasuwar Katako ta Yamai, masu zubi suna narka tarkacen sanholo su fitar da tukwane da murafai. Ba don waɗannan mutane ba, da injuna da yawa na ƙasar nan sun daɗe da kwantawa.

To amma gwaninta tana da iyaka idan kayan aiki suka gaza. Masassaƙin ƙarfe yakan yi aiki ne da abin da ya tsinta, sandar tsohuwar mota ko guntun bututu, ba tare da ya san ainihin irin ƙarfen ba. Ba shi da tanderun da zai gasa ƙarfe ya taurara daidai gwargwado. Akwai kuma siffofin da injinsa ba ya iya fitarwa, kamar haƙoran da suka karkace ko farfela mai lanƙwasa. Shi ya sa akan ga ƙarfen da aka yi a gida ya yi aiki wata ɗaya ya sake karyewa, wani lokaci ma ya tafi da maƙwabcinsa mai lafiya.

Maƙera a cikin kwamfuta

A nan ne sabuwar hanyar ta shigo. A 1999 wani ɗan Amurka mai suna Larry Lukis ya kafa kamfani a jahar Minnesota, wanda daga baya aka sani da sunan Protolabs, bisa dabara guda: maimakon mutum ya zauna kwanaki yana nazarin zane kafin ya yanke farashi, a bar kwamfuta ta karanta zanen ta yi lissafi. A 2013 aka kafa Xometry a jahar Maryland ta Amurka, da 3D Hubs a birnin Amsterdam na ƙasar Holan. Su waɗannan biyun dillalai ne. Suna karɓar aiki daga mai buƙata, su miƙa shi ga ɗaya daga cikin ɗaruruwa ko dubban ƙananan maƙeru na zamani da suka yi rajista da su, wadda injinta ke zaune ba aiki a wannan mako. A 2021 Protolabs ya saye 3D Hubs a kan dalar Amurka miliyan 280, a shekarar kuma Xometry ya shiga kasuwar hannun jari ta Nasdaq. A ƙasar Sin, kamfanoni irin su JLCPCB na birnin Shenzhen da PCBWay, waɗanda suka fara da ƙera allunan lantarki na cikin rediyo da waya, sun faɗaɗa zuwa sassaƙar ƙarfe da roba, suna kuma aika kaya ƙasashe da dama.

Ga yadda abin yake. Mai buƙata yana shiga shafin kamfanin, ya ɗora zanen abin da yake so, zanen kwamfuta mai nuna tsawo da faɗi da kauri, wanda ake iya juya shi ta kowace fuska. Sai ya zaɓi abin da za a yi shi da shi: baƙin ƙarfe, ko ƙarfen da ba ya tsatsa, ko tagulla, ko sanholo, ko roba mai tauri. Ya faɗi guda nawa yake so, da ranar da yake son su. Cikin ƴan mintoci farashi ya fito, sau da yawa tare da gargaɗi, misali cewa wannan gefen ya yi siriri, ko wancan ramin ya yi zurfin da bakin inji ba zai kai ba. Idan ya amince sai ya biya, a ƙera, a auna, a sa a jirgi.

Hanyoyin ƙirar iri-iri ne. Akwai injunan sassaƙa da kwamfuta ke tuƙawa, waɗanda ake kira CNC, suna ɗaukar curin ƙarfe su yi ta feƙe shi har siffar ta fito. Akwai masu yanka faifan ƙarfe da hasken leza, kamar yadda tela ke yanka yadi. Akwai kuma wanda ake ce ma firinta mai fuska uku, wanda ke gina abu hawa-hawa daga narkakkiyar roba ko garin ƙarfe, kamar yadda magini ke ɗora tubali bisa tubali. A wurin injin sassaƙa, mafi yawan kuɗin ƙarfe na farko na shirya injin ne da tsara masa aiki. Saboda haka guda ɗaya yana da tsada, amma idan aka yi odar 10 ko 20, kuɗin kowane guda yana faɗuwa ƙwarai.

Manyan ma'aikatu sun riga sun kama irin wannan dabara. Kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, Deutsche Bahn, ya fara buga kayan gyara da firinta mai fuska uku a 2015, saboda tsofaffin jiragen da masu ƙera su suka daina yi ma kayan gyara, kuma a 2023 ya sanar da cewa ya kai guda 100,000. A ƙasar Nepal, bayan girgizar ƙasar 2015, ƙungiyar agaji ta Field Ready ta riƙa buga mahaɗin bututun ruwa ga waɗanda suka rasa muhalli. Ciwon jirgin Jamus da na injin niƙan Badagishiri iri ɗaya ne: inji yana da sauran rai, amma wanda ya ƙera shi ya manta da shi.

Awo da zane

Kamfanin yana ƙera abin da aka zana masa ne, a nan kuwa ya sha bamban da maƙerin unguwa. Shi maƙeri akan kai masa karyayyen ƙarfe a leda, ya juya shi a hannu, ya tambayi inda yake zama, ya yi, a gwada, idan bai shiga ba a mayar masa ya ƙara gogewa. Wanda ke Shenzhen bai taɓa ganin injin ba, kuma ba zai gan shi ba. Hoton salula ba ya isarsa. Abin da yake karɓa shi ne fayil, galibi irin wanda ake kira STEP, ko DXF idan yankan faifai ne, tare da takardar da ke nuna wuraren da awo ba ya son kuskure. Idan zanen ya zo da kuskure, za a ƙera kuskuren nan da kyau, a aiko shi cikin kwali mai tsabta, kuma asarar ta mai zane ce.

Tarko na farko shi ne, ƙarfen da ya cinye ba ya faɗin gaskiya. Sandar da aka ƙera da kaurin milimita 25 tana iya raguwa bayan shekaru tana gogayya, wanda kuwa ya kwafi abin da ya auna, tsohon ƙarfe zai sayo sabo fil. Dole a auna mazauninsa da maƙwabtansa, a gano yadda yake ran da ya fito daga masana'anta.

Na biyu shi ne matsin awo. Gashin kan mutum galibi kaurinsa bai wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba. Inda sanda ke shiga cikin rulma, wadda a Najeriya ake ce ma boris, kuskuren da aka yarda da shi ya fi haka ƙanƙanta, kashi 1 ko 2 cikin 100 na milimita. In ta yi kauri ba ta shiga, in ta yi siriri ta riƙa rawa har ta cinye mazauninta. Awon da ba a yi ma sharaɗi ba, kamfanoni sukan yi shi da sassaucin kusan kashi 1 cikin 10 na milimita, kuma duk matsin da aka ƙara kuɗi ne. Gwanin zane shi ne wanda ya san inda zai matsa da inda zai sassauta. Irin wannan awo ba a yinsa da abin awon tela, yana buƙatar ma'aunin ƙarfe mai muƙamuƙi irin na masassaƙa, da hannun da ya saba da shi.

Na uku shi ne bambancin ma'auni. Injunan Ingila da Amurka, musamman tsofaffi, da inci aka auna su, na Faransa da Jamus kuma da milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. Sanda mai inci ɗaya da mai milimita 25 ido ba ya bambanta su, amma inji yana bambantawa. Haka zaren noti, kowane gida da nasa.

Na huɗu shi ne irin abin da za a yi ƙirar da shi. Farfelar da ke kwana cikin ruwa mai rairayi, da ƙarfen da ke ɗaukar duka, da robar da za ta yini cikin ranar watan Afrilu a ƙasar Adar, kowanne da irin nasa. Robar da ƙananan firintoci suka fi amfani da ita, mai suna PLA, tana fara laushi tun wajen digiri 60, zafin da ƙarfe a rana ko mota a rufe ke iya kaiwa da bazara.

Kafin ma a kai ga zane, ya kamata a duba ko abin yana da lamba. Rulma da bel da noti da robar hana yoyo bisa ƙa'idar duniya ake yinsu. Rulma mai lamba 6205, ko wane kamfani ya yi ta, raminta milimita 25 ne, faɗinta 52, kaurinta 15. Wanda ya aika a ƙera masa irin wannan ya yi ɓarnar kuɗi, domin akan same ta a shagon kayan gyara. Ita kuwa manhajar zane ba ta da wuyar samu, akwai ta kyauta irin su FreeCAD. Wanda zai zauna gabanta ne ke da wuyar samu.

Tsakanin masana'anta da bakin rijiya

A ɗauka an samu zane mai kyau. Aika shi ne ya fi komai sauƙi, domin fayil ɗin ƙaramin ƙarfe bai fi nauyin ƴan hotuna ba, salula ma tana tura shi, kuma a 2025 kamfanin Starlink ya fara aiki a Nijar bisa izinin hukuma. Biyan kuɗi ya fi wuya. Kamfanonin nan ba sa karɓar tsaba, ba sa kuma aiki da gidajen aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza, waɗanda ƴan kasuwar yankin suka saba da su. Suna son katin banki na ƙasa da ƙasa, ko turawa daga banki zuwa banki, da dalar Amurka ko yuro. Sefa tana ɗaure da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, abin da ke sauƙaƙa lissafi, amma dalar Amurka tana hawa tana sauka. Bugu da ƙari, ba kowane kamfani ke aika kaya Nijar ba, wasu na Amurka ba sa wuce Amurka da Kanada. Wannan shi ne abin da za a fara bincika kafin a ɓata lokaci.

Sai jigila. Nijar ba ta da teku. Ƙaramin kwali ta jirgin sama yake zuwa, ta hannun kamfanoni irin su DHL, ya sauka filin jirgin Diori Hamani na Yamai, kuma da nauyi ake lissafa kuɗin jirgi, har yakan zarce kuɗin ƙirar. Kaya mai nauyi sai ta ruwa, kuma da aka rufe iyakar Benin a 2023, kayan da ke bin Kwatano da Gaya suka koma bin Lome da Burkina Faso, hanya mai tsawo da haɗari. Daga nan sai duwan: kuɗin fito bisa nau'in kaya, da harajin TVA na kashi 19 cikin 100, waɗanda ake lissafawa a kan kuɗin kaya haɗe da na jigila. Bayan an fita duwan, saura fiye da kilomita 400 na hanyar ƙasa mai lamba 1, ta Dosso da Dogon Dutsi, kafin motar fasinja ta sauke kwalin a tashar Ƙonni. Na Illela kuma sai ya ƙara bi ta Tsarnawa da Badagishiri. Alkawarin kwana uku ko biyar da ke rubuce a shafin kamfani na ƙira ne kawai. Mai hankali makonni zai lissafa.

Daga nan mai karatu zai gane inda hanyar ke da riba. Tana da riba idan abin ƙarami ne, marar nauyi, mai son awo na daidai, ba a samunsa a kasuwa, kuma injin da zai tayar mai tsada ne: notin tagulla na ƙofar ruwa, ƙarfe mai haƙora na tsohuwar tarakta ko injin sussuka, mahaɗin famfon da ke cikin rijiyar burtsatse. Ba ta da riba ga abu mai nauyi da sauƙin siffa, kamar gindin inji ko ƙyauren ƙarfe, waɗannan mai waldan Malbaza ya fi kowa iya su. Ba ta da riba ga injin ban ruwa na araha, wanda kuɗin jirgi kaɗai ya kusa sayen sabonsa. Akwai kuma inda bai kamata a gwada ta ba sai da hannun injiniya: birki da sitiyarin mota, tukunyar gas, da duk na'urar asibiti da ran mutum ya rataya a kanta. Haka injin da ke ƙarƙashin garantin kamfani, sa masa baƙon ƙarfe yana iya soke garantin.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Tun da jigila tana cin makonni, wannan hanya ba ta maganin gaggawa. Amfaninta yana ga wanda ya shirya tun inji yana da lafiya. Ƙarfen da ya fi saurin cinyewa a kowane inji sananne ne ga mai aiki da shi. Lokacin hutun injin, kamar damina ga injin ban ruwa, shi ne lokacin da ya dace a kwance shi, a auna, a zana, a ajiye. Ranar da ya fara kuka zane yana nan, ko ma madadinsa ya riga ya kwana a sito.

Wannan aiki ya fi ƙarfin manomi guda, amma bai fi ƙarfin ƙungiya ba. Ƙungiyoyin manoman gandun Ƙonni da na Galmi, da hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 domin kula da gandayen noman rani, da kwamitocin famfunan ƙauyuka, duk suna riƙe da kayan aiki iri ɗaya masu yawa. Zane guda zai yi ma kowa aiki, kuma oda guda ta ƙarfe 20 ta fi oda 20 ta ɗai-ɗai araha, ta fuskar ƙira da jirgi da zirga-zirgar duwan. Sharaɗi shi ne zanen ya zauna hannun masu injin, a kwamfuta da kuma a takarda. Kamfanin Shapeways, ɗaya daga cikin na farko a wannan sana'a, ya durƙushe a watan Yulin 2024. Wanda ya bar zanensa a shafin kamfani kaɗai, dukiyarsa ya ajiye a gidan wani.

Magabata da masu kawo ayyuka su ma suna da nasu rabon. A 2016 Nijar da Amurka suka sa hannu kan yarjejeniyar dalar Amurka miliyan 437 ta hukumar MCC, wadda gyaran gandun Ƙonni ke cikin manyan ayyukanta. Irin waɗannan ayyuka suna kawo sabbin ƙofofi da famfuna da na'urori, kuma sabon bana shi ne tsohon baɗi. Babu abin da zai hana a rubuta cikin kowace kwangila cewa ranar da ɗan kwangila zai miƙa mabuɗi, zai miƙa har da zanen kayan da ke cinyewa, da sunan ƙarfen da aka yi su da shi.

Saura mutanen. Makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da makarantar EMIG ta Yamai, da cibiyoyin koyon sana'a na CFM, suna fitar da samari da ƴan mata da suka san lissafi da zane, da dama cikinsu kuma suna zaman jiran aikin gwamnati. A gefe guda ga tsofaffin makanikai da masassaƙan ƙarfe, waɗanda da jin ƙarar inji suke gane ciwonsa, amma ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba. Yaro ya san manhaja bai san inda ƙarfe ke ciwo ba, maigida ya san ciwon bai san yadda zai faɗa ma kwamfuta ba. Asusun FAFPA, wanda aikinsa ke nan tallafa ma koyon sana'a, yana iya haɗa su a rumfa guda. Jarin bai taka kara ya karya ba: kwamfuta ɗaya, ma'aunai biyu ko uku, da ƙaramin firinta na roba domin a gwada siffar abu a jikin inji kafin a kashe kuɗi a kan ƙarfe. A birnin Lome, a 2013, wani ɗan Togo mai suna Afate Gnikou ya haɗa irin wannan firinta da tarkacen tsofaffin kwamfutoci.

Abin lura na ƙarshe shi ne, zanen da aka yi da kyau ko'ina yana ci. Takardar da Shenzhen ke karantawa ita ce masassaƙin ƙarfe na Maraɗi ko Sakkwato ko Kano zai karanta, a tura masa ta WhatsApp da safe, washegari ya sa ƙarfen a mota, ba jirgi ba katin banki. Da yawan kayan da ake ganin sai an je waje, rashin awo ne ya hana a yi su a kusa. Idan masu zane suka yawaita a Ƙonni da Malbaza da Illela, aikin da zai tsallaka teku kaɗan ne, mafi yawa zai tsaya hannun maƙeran gida, har wata rana ɗayansu ya ga oda ta isa ya sayi injin CNC nasa. Tun ran gini ran zane, in ji Hausawa. Injin da aka saya bana, bana ya kamata a auna shi.